Rafin da Bai Kai Gulbi Ba

Na fi shekara ashirin ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a nan Sakkwato, kuma ba yabon kai ba, babu malamin da ya kama ƙafata a zanen taswira. Da guntun alli, ba tare da na ɗaga hannu ba, sai in fitar da Nijeriya a kan allo, in jawo Kwara daga yamma, in jawo Binuwai daga gabas, in haɗa su. Yara su yi ta "kai, Malam!", ni kuwa kai ya yi ta kumbura. To wannan hannun da nake taƙama da shi, shi ya jawo mini abin da har yau ban gama jin kunyarsa ba.

A Ƙofar Taramniya aka haife ni. Ruwan da na sani tun ina ƙarami shi ne gulbinmu: faɗi, yashi, fadama, ruwa na tafiya a hankali ba ya gaggawar komai. Da damina ya cika ya malale gonakin shinkafa, da rani ya janye ya bar wa masu lambu wuri. In ka tsaya kan gadar Kwalkwalawa kana ganin ta inda ya fito da inda ya dosa, ba ya ɓoye maka komai. Ruwan dutse kuwa ban taɓa sa ƙafa cikinsa ba. A littafi na san shi, amma ina koyar da shi da ƙarfin hali, har ina kayar da yara a jarrabawa a kansa.

Da na yi aure na koma unguwar Gidan Dahala, katanga ɗaya da wani dattijo kafinta, Kirista, mutumin duwatsun Filato. Tun yana saurayi ya zo Sakkwato, yana da shago a Sama Road, kuma rabin ƙofofin unguwarmu aikinsa ne. Baba kowa ke ce masa. Matarsa ta rasu kafin in tare, ta bar masa ɗiya guda, ma'aikaciyar jinya. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka bakinsa bai taɓa furta sunanta ba, Mama yake ce mata. Da layya cinyar ragona tasa ce, da Kirsimeti kuma yarana a gidansa suke yini. Mun saba tsokanar juna. Shi ya ce mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa har ruwanmu malalaci ne, ni in ce su ba su da aiki sai hawan dutse, awaki ma sun sallama musu.

Tsufa ya kama shi ta ido da gwiwa. Yanar ido ta rufe masa ɗaya, ɗayan ma sai ya kai abu dab da hanci. Wata rana bayan la'asar ina zaune ƙofar gida ina duba takardun yara, sai ga shi da wani faffaɗan katako a hamata, irin marar kaurin nan da ake bayan kabad da shi. Ya zauna da ƙyar, ya ɗora katakon a gwiwoyinmu mu biyu. Da fensirinsa na aiki ya yi zane a kai, layuka sun karkace, wani wurin ya danna har ya ƙwarzane katakon.

"Malam," ya ce, "kogin garinmu ke nan. So nake ka mayar mini da shi irin na littafi."

Ya bi zanen da yatsa yana yi mini bayani. Kogin daga can ƙololuwa yake fitowa, a wata 'yar fadama tsakanin duwatsu biyu, ya faɗo ta wani kwari mai zurfi. In kana hawa daga ƙasa, rafuka uku ne ke shigarsa ta hannun hagu. Na farko ruwansa ja ne, don ta cikin jar ƙasa yake ratsowa. Na biyu gora ta rufe bakinsa, ruwansa sanyi ƙarara ko da bazara. Na uku shi ne babba, a nan mata ke wanke acca. Ya faɗi sunayensu da yarensu, ya sake maimaitawa, yana murmushi kamar mai kiran 'yan uwansa.

Tsakanin na biyu da na uku akwai wani gajeren layi, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Ya gangaro daga sama, sai ya tsaya cak, bai taɓa kogin ba, da tazarar yatsu biyu. A samansa Baba ya yi alamar gicciye.

"Nan uwata take," ya ce.

Ashe a bukkar gona ta rasu, cikin tsakiyar damina, kogi ya kawo babu damar ƙetarawa da ita gari. Shi da wansa suka binne ta a wurin, suka tara duwatsu a kai. Al'adarsu ce duk rani a je a share ciyawa a ƙara dutse. Wan ya rasu tuntuni, garin ma ya sauko daga kan dutse ya koma bakin titi, tsohon wurin ya zama kufai. A duniya babu wanda ya san kabarin sai shi, shi kuma gwiwa ba za ta ƙara hawa ba. Ya ce yana sassaƙa gicciye na itacen ƙirya, wanda gara ba ta ci, Mama za ta ɗauki hutu ta je ta kafa. Ba ta taɓa hawa dutsen ba, 'yar Sakkwato ce kamar ni.

Sai ya dafa gajeren layin ya ce, "Wannan shi ne mai wuya, ka saurara da kyau. Ba ya shiga kogi a fili. Yana gangarowa sai ya shige ƙarƙashin duwatsu, daga hanya ba a ganinsa sam. In ta wuce mai gora za ta ga wani shimfiɗaɗɗen dutse a hagu. Ta hau, ta kwanta, ta sa kunne. In ta ji ruwa na magana a ƙasa, to daga nan ta miƙe sama, kada ta karkata, za ta iske baure, kabarin na gindinsa. Ka rubuta mata wannan a jikin takardar. Ni in na fara yi mata zancen uwata murya ba ta kai ni."

"To Baba, to," na ce. Wallahi kunnena ya ji, amma zuciyata tana can tana auna girman kwalin da zan saya.

Kwana uku na yi a kan aikin. Farin kwali mai kauri, shuɗiyar tawada ta ruwa, ƙasa-ƙasa ta duwatsu, kibiyar arewa a kusurwa, har da ɗan akwatin bayani a ƙasa. Babban kogin ya fito gwanin sha'awa, rafuka uku suka shige shi kowanne a mahaɗarsa. Da na zo kan gajeren layin sai na ajiye alƙalami. Rafi ya gangaro ya tsaya a hanya? Ina aka taɓa yi? Shekara nawa ina gaya wa yara cewa kowane ƙaramin ruwa babba yake nema. Na ce a raina tsoho ido ya tafi, hannu na rawa, fensir ne ya kuɓuce masa. Batun kwanciya a sa kunne kuwa, na ɗauke shi irin tatsuniyar da tsofaffi ke ƙawata garinsu da ita. Kuma gaskiyar da na daɗe ban faɗa ba ita ce, na ji kunyar a ga taswira da sa hannuna an rubuta "ki kwanta ki saurara" a jiki. Mutane su ce me?

Na duba, na ga bakin layin ya fi kusa da rafi na uku. Sai na lanƙwasa shi a hankali, na kai shi can na haɗa, ya zama reshe. Ya yi kyau ƙwarai, ya zauna daidai yadda littafi ke so.

Matata ta zo ɗaukar kwanon abinci, ta leƙa katakon, ta leƙa kwalin. Ba ta yi nisa a boko ba, amma idonta ba ya kuskure.

"Ba haka Baba yay yi nashi ba hwa," ta ce. "Wanga ɗan ƙaramin bai taɓa kowa ba."

"Ke mi kis sani ga taswira?" na ce. "Tahi ki ji da tukunyarki."

Ta ɗauki kwanonta ta fita. Taku goma ne daga inda nake zaune zuwa ƙofar Baba, ina ma jin ƙarar zartonsa ta kan katanga, amma ban tashi ba.

Da na kai masa ya karɓa da hannu biyu, ya kai shi dab da fuska, ya yi ta juyawa. Na san shuɗi-shuɗi kawai yake gani. Ya ce, "Kai, Malam, ilimi daban ne. Ka sa duka?" Na ce, "Duka, Baba." Ya ce in riƙe katakon, ya gama aikinsa. Na kawo shi gida na cusa bayan kabad.

A watan Kirsimeti ɗiyar ta tafi ita da mijinta, gicciyen naɗe cikin zane, taswirata cikin leda. Kwana takwas suka yi. Ranar da suka dawo da yamma aka aiko in zo, na iske su a tsakar gida, Baba kan kujerarsa, ita a kan tabarma ta miƙe ƙafafu duk sun kumbura sun yi bororo. Amma fuskar nan tata, ban taɓa ganinta da haske haka ba.

"Malam, sannu da aiki!" ta ce. "Takardarka kamar ka taɓa zuwa. Jan ruwan yana nan, mai gorar yana nan, har na sha, haƙorana suka riƙe don sanyi."

Ta ba da labari tiryan-tiryan. Sun wuce na biyu, sun kai na uku, sun bi shi sama kusan rabin yini suna rarrafe a kan duwatsu. Can suka ga wani reshe ya shigo ta hagu, yadda takarda ta nuna. Suka bi shi, sai ga tsibin duwatsu a gindin wata bishiya, ciyawa ta rufe. Suka share, suka haƙa, suka kafa gicciyen, suka ƙara dutse kowa ɗaya. Ta ce ta durƙusa ta gaya wa kakarta sunanta, ta gaya mata ɗanta yana Sakkwato bai manta ba, ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta.

Baba yana ta gyaɗa kai. Sai ya ce, "Shimfiɗaɗɗen dutsen fa, Mama? Kin ji ruwan?"

Ta yi dariya. "Wane irin ji, Baba? Ai da idona na gan shi yana gudu, har fuska na wanke."

Baba ya daina gyaɗa kai.

"Wace bishiya ce a wurin?" ya tambaya.

"Ɗorawa ce, babba."

Ya daɗe yana murza gwiwarsa. Sannan ya ce, "To. Madalla. Allah ya yi miki albarka, Mama, kin fitar da ni kunya." Ya juyo wajen da yake jin numfashina ya ce, "Malam, mun gode." Da ya zage ni a gaban kowa da ya fi mini sauƙi.

Washegari ban iya koyar da komai ba. Ana tashi na wuce Sama Road. Na iske shi shi kaɗai yana goge wata kujera, da tafin hannu yake gane inda bai yi sumul ba. Na tsuguna a cikin garin katako da fararen kayana, na gaya masa duk abin da na yi, ban rage ba. Na ce ni na lanƙwasa layin, ni na ƙi rubuta maganarsa, kuma ƙarya na yi da na ce na sa duka.

"Na sani tun jiya," ya ce. Bai daina gugar ba.

Na ce zan sake zanawa a yau, zan je in gaya mata da bakina, in ta yarda ma ni zan raka su in hau dutsen. Ya girgiza kai.

"Kai ba ka sani ba, ciki gare ta, wata uku. Ba ta gaya mini ba sai da ta dawo, don kar in hana ta. Da shi ta hau dutsen nan saboda ni. Ta yi kuka a kan kakarta, yanzu in ce mata a kan baƙo ta yi?" Ya hure garin katakon. "Wanda ke kwance gindin ɗorawar nan shi ma uwa ta haife shi, kuma ka ji babu mai share masa ciyawa. To ya samu. Tawa uwar ta saba jira."

Ya ajiye abin gugar, ya lalubo kafaɗata ya dafa.

"Kar ka gaya mata. Amma Malam, da ka tambaye ni. Katanga ɗaya ce tsakaninmu."

Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan, bai ƙara tayar da zancen ba. Ya ci gaba da tsokanata, ya ci gaba da karɓar cinyar layya. Abu ɗaya na lura, ya daina ce mana ruwanmu malalaci ne, ya daina zancen kogi gaba ɗaya. Damina biyu bayan haka ya kwanta, bai tashi ba. A nan Sakkwato aka binne shi, na tsaya daga gefe a maƙabartarsu har aka gama.

Daga baya na koma littafin da nake koyarwa da shi. Abin yana ciki, jama'a. Shafi guda cur a kan ruwan da ke nutsewa ƙarƙashin duwatsu ya ɓullo a wani wuri. Ni ne nake tsallake shafin duk shekara, don ba ya fitowa a jarrabawa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, ni nawa da hannuna na ɗauko shi na tsona.

Ɗiyar ba ta yar da zumunci ba. Sun koma wani gida can gaba, amma duk shekarar da ta je dutse sai ta zo mana da tsaraba, acca da dankalin Turawa. Taswirata tana falonta, an sa mata gilashi an rataye kusa da hoton Baba. In baƙi suka zo takan nuna musu ta ce maƙwabcinsu ne ya zana, Musulmi, mutumin kirki. Sau biyu ana faɗin haka a gabana, ina murmushi kamar wawa.

Bara da ta dawo ta zo da ɗanta, wanda ya hau dutsen tun yana ciki, ya yi wayo har yana gaishe ni da Sakkwatanci. Ta zauna a ɗakin matata, aka kawo ruwa. Ta ce wannan karon ta yi abin da ya daɗe a ranta. Kafin su tafi ta je kabarin Baba ta ɗebi ƙasa cikin hankici, ta hau da ita, ta zuba a gindin gicciyen.

"Yanzu na haɗa su, Malam," ta ce. "Uwa da ɗa. Albarkar hannunka ce."

Na ce, "Allah shi jiƙan magabata." Abin da ya fito ke nan. Matata ta dube ni ta sunkuyar da kai, don ita ta san komai, ranar da na dawo daga shagon na gaya mata.

Da suka tafi ta tattara kofuna, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Kullum kana cewa alkawali kay yi ma Baba. Cikin da yaj ji ma tsoro ga shi nan yana tahiya da ƙahwa nai. Kai dai kunyarka kaka ɓoyo." Na buɗe baki in ce mata me ta sani, sai na tuna na taɓa faɗa mata haka.

Na jawo katakon daga bayan kabad. Ƙura ta rufe shi, fensirin ya dusashe, amma inda Baba ya danna yana nan a ƙwarzane, ana jinsa da yatsa. Na sayo sabon kwali. Ban sa kibiya ba, ban yi akwatin bayani ba. Na bi layukansa yadda suke, da karkacewarsu. Da na zo kan gajeren, na gangaro da shi a hankali, na tsaya inda ya tsaya, na bar tazarar yatsu biyu fara fat. A gefe na rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta: in kin wuce mai gora, ki hau shimfiɗaɗɗen dutse, ki kwanta, ki sa kunne, ki miƙe sama har baure.

Ina tsoro. Ina tsoron fuskarta in ta gane ƙasar ubanta tana kan baƙo, ina tsoron ta sauke gilashin nan daga bango, ina kuma tsoron in mutu da abin a bayan kabad, tsohuwar nan ta rasa mai zuwa har abada. Yanzu ni kaɗai na rage da na san hanyar, ni da ban taɓa hawa dutse ba.

Kwalin yana nan naɗe a saman kabad, na ɗaure shi da zare. Gidanta ba nisa, ko a ƙafa ana zuwa. Na ce ranar Lahadi in sun taso daga coci zan kai mata. Haka na ce wancan makon ma.